Yadda Ake Karanta Tsohuwar Motar Aiki a Bakin Titi

Akwai wata farar mota J5 da nake yawan tararwa idan na bi ta Ƙofar Ƙwaya a Katsina da sassafe. Farar ma sai dai a ce da can, don yanzu ta koma kalar ƙullun koko. Babu labule, babu fitilun kwalliya, ƙofar bayanta da igiyar roba ake ɗaure ta. Mutum ɗari za su wuce babu mai waiwayarta, amma a ajiye sabuwar Prado kusa da ita ka ga wuya yana juyawa. Ni kuwa irinta ce ke tsayar da ni, kuma na fi shekara goma sha biyar ina wannan ɗabi'a, har abokaina sun gaji da yi mani tsiya. Sabuwar mota abu ɗaya take faɗa maka, mai ita yana da kuɗi. Tsohuwar motar aiki kuwa, idan ka iya dubawa, jikinta zai gaya maka ƙasar da aka ƙera ta, sana'ar da ta yi kafin ta iso nan, kayan da take ɗauka yanzu, da halin mutumin da ke riƙe da ita. Duban yana da tsari, kuma minti ashirin zuwa talatin ya isa idan ka bi shi daki-daki.

Kayan da za ka riƙe

Waya mai kyamara, da caji a cikinta. Ƙaramar tocila, ta waya ma tana yi, sai dai ba za ka iya haskawa kana ɗaukar hoto a lokaci guda ba. Tsumma guda biyu, ɗaya na goge ƙura, ɗaya na hannu. Ɗan ƙaramin maganaɗisu, irin wanda ake cirowa daga lalatacciyar sifika, ka naɗe shi a ƙyalle don kada ya karce fentin mutane. Buhu ko kwali na durƙusawa. Ƙaramin littafi da biro. Sai ɗan canji a aljihu, na shayi ko ruwan leda ga yaron mota.

Kada ka sa babbar riga ko farar shadda. Ka sa abin da ba za ka ji ciwo ba idan baƙin mai ya taɓa shi, kuma wanda hannunsa ba ya reto, saboda za ka matsa kusa da inji.

Inda ake samun su ba boyayye ba ne: bakin babbar kasuwa, tashoshin ƙauyuka, layin masu gyaran mota, gaban gidajen burodi da na ruwan leda. Idan kana Daura, kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi makaranta ce sukutum.

1. Tsaya daga nesa tukuna

Kuskuren sabon shiga shi ne ya nufi motar kai tsaye ya manna fuska a gilashi. Ja da baya kamar taku goma sha biyar. Ka dube ta daga gefe, sannan daga baya, sannan daga gaba.

Daga gefe, ka duba tazarar da ke tsakanin saman taya da bodi, gaba da baya. Motar da babu kaya a cikinta amma gindinta ya zauna, sifirin ɗinta ya gaji. Wadda kuma gindin ya ɗage sama kamar zakara zai yi cara, an ƙara mata ganyen sifirin don ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Daga baya, ka duba ko ta karkata gefe guda. Ka bi layin rufin da ido: idan ya lotsa a tsakiya, ta sha lodin sama. Idan ka yi sa'a ta motsa kana kallo, ka lura ko tayoyin baya suna bin sawun na gaba. Wadda ke tafiya a karkace kamar kare mai gudu, ta taɓa cin karo mai tsanani ko an taɓa aksil ɗinta.

Duk wannan daga nesa kaɗai ake ganinsa. Da ka matsa kusa ya ɓace maka.

2. Nemi mai ita, ka yi sallama

Wannan matakin ya fi duk sauran nauyi, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Motar nan ba abin kallo ba ce a wurin mai ita, ita ce gonarsa da shagonsa. Ga kuma halin tsaro da jiharmu ke ciki. Baƙon fuska ya tsaya yana ɗaukar hoton motar da ke zuwa kasuwannin ƙauye, har da lambarta, ba tare da ya yi wa kowa magana ba, sunan da za a fara ba shi infoma. Ya taɓa faruwa da ni a wata tasha, shekarun baya. Hoto biyu kacal na ɗauka, kafin in mayar da waya aljihu 'yan kamasho sun zagaye ni. Sai da wani dattijo da ya san mahaifina ya sa baki, kuma sai da na goge hotunan a gabansu. Laifina ne, ba nasu ba.

Ka tambayi na kusa, “Don Allah ina mai motar nan?” Idan dattijo ne ka ce Baba ko Alhaji, ka ɗan rusuna. Idan sa'anka ne, Malam ko Oga direba ya wadatar. Ka gaisa sosai, da gajiya da iyali da kasuwa, kada ka yi gaisuwar mai sauri. Sannan ka faɗi abin da ya kawo ka a fili: “Baba, motar nan taka ce ta burge ni. Ina sha'awar irin waɗannan tsofaffin. Ko za ka ba ni izini in ɗan duba ta?”

Amsar da za ka fi ji ita ce, “Saye za ka yi?” Ka ce a'a, sha'awa ce kawai. Kada ka yi wasa da wannan tambaya. Idan ka bari ya ɗauka ciniki ya zo, duk abin da zai faɗa maka daga nan yabo ne, inji sabo, giya sabuwa, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Idan kuma kai ka fara tambayar “nawa za ka sayar?” wani zai ji kamar ka raina sana'arsa. Haka nan kalmomi irin su akwala ko gwangwani, ko shi ya faɗa da bakinsa yana dariya, kai kada ka maimaita.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ana tsakiyar lodi ba a tsayar da direba. Ka jira an gama sauke kaya, ko bayan sallar Azahar lokacin da ake zaune a inuwa. Idan ba a ga mai motar ba, ka tsaya a matakin farko: kallo daga nesa, babu taɓawa, babu hoto. Idan ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce.

3. Gane wace iri ce

Kada ka dogara da tambarin da ke gaba. Sau da yawa ya faɗi tun tuni, wani lokaci kuma yaron mota ya manna na wata motar don ado. Ka yi wa kanka tambaya ɗaya: ina injin yake? Amsar za ta raba maka su kashi uku.

Idan tana da ɗan gajeren hanci a gaba mai gangara, jiki kamar akwati, ga faɗi ga tsayi, galibi J5 ce. Peugeot ta fito da ita a 1981, kuma a wata masana'anta a Italiya ake ƙera ta tare da tagwayenta, Fiat Ducato da Citroën C25. Shi ya sa za ka ga wadda tambarinta na Fiat ne amma kowa a tasha J5 yake kiranta, kuma kayan jikinsu da yawa suna shiga juna. Injinta a kwance yake a gaba, tayoyin gaba ne ke ja. Saboda babu dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi zuwa baya, daben cikinta ya sauka ƙasa sosai, kuma wannan ne sirrin da ya sa masu tumatir, albasa da buhunan hatsi suka riƙe ta har yau: lodi da sauƙi, ciki kamar ɗaki. A 1994 Boxer ta maye gurbinta, don haka duk J5 ta ainihi da ka gani ta haura shekara talatin.

Idan gabanta a miƙe yake babu hanci, direba yana zaune a kan tayar gaba, injin yana ƙarƙashin kujera. Nan ne dangin Japan suke: Hayis ta Toyota, C20 ta Nissan, L300 ta Mitsubishi, da Liteace. Waɗannan tayoyin baya ne ke tura su. Hayis tun 1967 ake yin ta. Mai kusurwoyi kamar an yanka da wuƙa ita ce ta 1982 zuwa 1989; mai ɗan zagayayyen goshi, wadda ta cika tashoshinmu, ta 1989 zuwa 2004; daga nan sai wadda ake kira Homa, ita kuwa ba ta shiga wannan lissafi ba tukuna.

Idan kuma ka ga ramukan shan iska a gefen baya, ka zagaya ka tarar da ƙaramar ƙofa a ƙasan gindinta, to ka yi gamo: Kombi ce ta Volkswagen. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ta da lagireto. A 1975 aka fara haɗa motocin Volkswagen a Legas, shekarar da aka fara haɗa Peugeot a Kaduna. Kombi ta yi wuyar gani a titunan Katsina yanzu. An fi samun ta a kwance a bayan gareji, kaji na ƙwai a ciki. Ko a haka ka gan ta, ta cancanci minti goma.

Akori-kura ta 504 ba ta cikin masu rufin baya, amma ni ba na wuce ta. Duk abin da ke ƙasa ya shafe ta.

4. Ƙiyasta shekarunta

Mai mota zai gaya maka shekarar da ya saya, ba shekarar da aka ƙera ba. Ka haɗa shaidu da kanka.

Fara da lamba. Jan rubutu na haya ne, shuɗi na gida, kore na gwamnati. Tsohon tsari yana sa haruffa uku na ƙaramar hukuma a ƙarshe, kuma na haya kan fara da X. Sabon tsarin da ya zo a 2011 ya dawo da haruffan gaba: KTN Katsina, DRA Daura, FTA Funtua. Amma lamba tarihin rajista take bayarwa, ba haihuwa ba. Motar 1986 tana iya ɗauke da lambar bara. Wadda kuwa aka yi wa rajista a nan kafin 1987, a ƙarƙashin jihar Kaduna ta fara, don a shekarar aka ƙirƙiri jihar Katsina. Idan dattijo ya ce maka tasa tun lokacin take hannun gidansu, ka gyara zama, labari na nan.

Sai lambar casis. Tana kan wani ɗan faranti da aka ɗaure da ƙusa a ɗakin inji, ko a jikin ginshiƙin ƙofa, ko kusa da ƙafar kujera. Goge da tsumma ka haska. Daga 1981 yawancin motocin Turai suna da lamba mai harafi da adadi 17. Peugeot tana farawa da VF3, Toyota ta Japan da JT. A Hayis, haruffan samfurin suna faɗa maka injin da ta fito da shi: RZH ko YH fetur, LH gas. Riƙe wannan, zai yi maka amfani a mataki na 9. Akwai masu cewa harafi na goma shi ne shekara. Wannan ƙa'idar motocin kasuwar Amurka ce. A J5 ko Hayis ɗin da ta biyo ta Turai za ta ɓatar da kai. Kuma ka karanta lambar casis da ido kawai. Kada ka ɗauke ta a hoto, kada ka kwafe ta duka.

Idan farantin ya ɓace, duba bel ɗin kujera can ƙasa inda aka ɗaure shi. Sau da yawa akwai ɗan ƙyalle da aka ɗinka mai ɗauke da shekara. Tun da direbobinmu ba su cika damun bel ba, yakan zauna lafiya shekara talatin. Duba kuma tambarin da ke kusurwar kowane gilashi. Waɗanda tambarinsu ya zo ɗaya su ne na asali. Wanda ya bambanta an sauya shi.

Taya ba ta faɗin shekarun mota, amma tana faɗin halin mai ita. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Idan lambobi uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000, kuma ba ta da hurumin hawa titi. Ka nemi harafin C bayan girman tayar, kamar 185R14C. Shi ke nuna tayar ɗaukar kaya ce. Motar lodi a kan tayar ƙaramar mota, wannan ganganci ne.

5. Nemo rayuwarta ta farko

Nan ne na fi jin daɗi. Yawancin waɗannan motoci 'yan Kwatano ne: sun gama aiki a Turai, suka hau jirgin ruwa zuwa tashar Kwatano ta ƙasar Benin, suka biyo ta Nijar suka shigo ta Jibiya ko Kongolam, kafin a hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017. Kuma da yawansu ba a taɓa goge sunan tsohon maigidansu ba.

Tsaya a gefe inda rana ke bugun bodin a karkace, ka sunkuyar da kai ka dubi fentin ta kwance. Ko an ɓare rubutun, inuwarsa tana nan, saboda fentin da ke ƙarƙashin haruffan bai sha rana kamar sauran ba. GmbH a ƙarshen suna yana nufin kamfani a ƙasar da ake Jamusanci. BV galibi Holan. Bäckerei gidan burodi ne, Elektro mai aikin lantarki. A baya kuma ka nemi ɗan farin tambari mai siffar ƙwai: D Jamus, NL Holan, B Beljiyam, F Faransa, CH Suwizalan. Na taɓa ganin wadda ta yi rabon burodi a Jamus, ga ta a Katsina tana rabon burodi. Da na fassara wa direban rubutun sai ya kira yaronsa, “Kai, zo ka ji, ashe gado ta yi!”

A kan wannan rubutu na Turawa sai namu ya hau: Allah ya kiyaye, Sai haƙuri, Rabo, sunan gari, sunan maigida. Ka tambayi wa ya sa aka rubuta da dalili. Ba a rasa dalili.

Idan tagogin gefe ba su yi daidai da juna ba, ko robar da ke riƙe da gilashin ta yi kauri, ko ka ga sawun walda a kusurwa, to rufaffiyar motar kaya ce aka fasa mata tagogi a nan aka mai da ita ta fasinja. Haka sitiyari: tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu. Idan ka ga murfin akwatin dashbod bai zauna ba, ko ƙofar zugewa tana ɓangaren titi maimakon ɓangaren da fasinja ke sauka, daga ƙasar masu sitiyari a dama ta zo aka juya ta.

6. Bodi, fenti da tsatsa

Ka sake neman izini kafin ka fito da maganaɗisu, ka kuma nuna masa a naɗe yake. Ɗora shi a kan ƙofa, saman taya, kusurwoyin baya. Inda ya kama da ƙarfi, ƙarfe ne. Inda ya yi sanyi ko ya zame, an cike da fila an fesa fenti. Idan babu maganaɗisu, ƙwanƙwasa a hankali da bayan yatsa: ƙarfe yana amsawa, fila kuwa shiru take kamar ka bugi bangon laka. Don sanin launinta na asali, ɗaga gefen robar ƙofa ko ka leƙa cikin murfin tanki. Mai fenti ba ya kaiwa can.

Ni dai na fi ganin girman wadda fentinta na asali ya koɗe, da lotsawarta a fili, a kan wadda aka yi wa wankan fenti mai sheƙi har kan roba da hannun ƙofa. Ta farkon ba ta ɓoye maka komai ba.

Tsatsa kuwa a ƙasarmu shaida ce. Iskar Katsina busasshiya ce, ƙarfe ba ya ruɓewa haka kawai, don haka duk tsatsar da ka gani akwai abin da ya kawo ta. Idan a ƙasan ƙofofi take, da matakalar shiga, da bakin tayoyi, daga Turai ta zo da ita, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Idan daben baya ne ya cinye daga ciki, kayan da take ɗauka ne: ruwan tumatir, takin zamani, gishiri, fitsarin awaki, ko yoyon ruwan leda. Takin zamani ya fi kowanne mugunta. Idan a gefen rufi ne inda ƙafafun kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a sama, suka zauna, lodin sama ne ya tsaga fentin ruwan damina ya samu hanya.

7. Leƙa ƙarƙashi

Shimfiɗa buhunka a gefen da ba na titi ba. Tabbatar inji a kashe yake, kuma direba ya san kana wurin. Durƙusa ka haska. Kada ka shige. Motar da ke kan jak ko kan duwatsu ko kusa kada ka sa kanka a ƙarƙashinta.

Ƙirga ganyen sifirin hagu da dama. Waɗanda aka ƙara sukan bambanta da sauran a kauri ko launi. Duba waldar da aka yi wa casis: mai kyau tana tafiya a jere kamar ɗinkin hula, marar kyau kamar kashin kaji. Duba ƙasa inda ta kwana. Baƙin ɗigo man inji ne, ja-ja ko mai kauri mai wari na giya ne, ruwa kuma lagireto. Jiƙa a bayan wili ta ciki, wannan man birki ne, kuma shi kaɗai ne abin da nake faɗa wa direba ko bai tambaye ni ba, cikin ladabi, a gefe, ba a gaban fasinja ba.

8. Ciki

Kada ka hau kujerar direba sai ya ce ka hau. Daga bakin ƙofa ma za ka ga abin da kake nema. Mitar tafiya kada ka yarda da ita, yawanci wayarta ta tsinke tun zamanin da. Robar kuloci da ta birki, da santsin sitiyari, da ramin da ya zauna a kujera, su ne mitar gaskiya. A J5 da yawa giyar a jikin sitiyari take, shi ya sa mutum uku ke zama a gaba babu takura.

Sannan ka kalli dabarun da aka yi. Sakatar ƙofar shago a madadin makulli. Makunnin fitilar ɗaki a madadin na hon. Galan a gefen direba da tiyo ya nufi inji, alamar tanki ko famfon mai ya daina aiki. Wannan dabara ce mai haɗari, kuma idan ka gan ta kada ka tsaya kusa da mai shan sigari. A baya, ka duba tsagogin dabe. Gero, dawa, ɓawon albasa, gashin akuya, su za su faɗa maka kasuwar da take ci. Da damina na taɓa ganin gero ya tsiro a matakalar wata, har ya yi ganye biyu.

9. Inji, idan ya yarda

Shi zai buɗe, ba kai ba. A J5 kada ka yi mamakin ganin safaya a ɗakin inji, wurinta ke nan tun daga masana'anta, ko da yake da yawa sun cire ta. A Hayis da 'yan uwanta sai an ɗaga kujerar gaba, don haka idan akwai kaya ko mutum a kai, ka haƙura.

Abin da za ka fara tambaya: “Injinta na asali ne?” Sannan ka gwada da abin da ka gani a farantin casis. Idan farantin ya ce LH amma ga filogi da wayoyinsu, an cire na gas an sa na fetur. Wannan ba aibi ba ne, tarihi ne, kuma yakan zo da labarin shekarar da gas ya yi tsada. Injin fetur na J5 mai lita 2 ɗan gidan su na 504 ne, abin da ya sa bakaniken da ya ƙware a Peugeot ta Kaduna bai sha wahalar karɓarta ba.

Kada ka taɓa murfin lagireto, ko da an ce maka ta huce. Ina da tabo a hannun dama da ke tuna mani. Idan ya tayar maka da ita, ja hannun riga, ka nisanci fanka da bel, ka koma baya ka kalli salansa. Farin tururi da sanyin safiya a lokacin hunturu, wanda ke ɓacewa bayan minti kaɗan, ba komai ba ne. Farin da ya ƙi ɗaukewa, ruwa ke shiga inda bai kamata ba, galibi gaskit. Shuɗi, tana shan baƙin mai, ringi ya gaji. Baƙi, mai ya fi iska yawa, ko kafireto ko matatar iska da ƙurarmu ta toshe. Ka gani ka riƙe a ranka. Ba a kira ka duba marar lafiya ba, kuma ya fi ka sanin ciwon motarsa.

Idan bai yarda a buɗe ba, kunnenka ya isa. Na gas yana ƙwanƙwasa kamar ana daka, na fetur ya fi laushi, na Kombi kuwa yana da wata ƙara mai tsalle-tsalle daga baya da ba ta kama da ta kowa.

10. Hoto

Izinin dubawa daban, izinin hoto daban. Sake tambaya.

Haske mai kyau daga fitowar rana zuwa kamar ƙarfe tara, ko bayan La'asar. Da tsakar rana farar mota takan ƙone a hoto, ƙarƙashinta ya yi baƙi ƙirin. Rana ta kasance a bayanka ko a kafaɗarka. Goge idon kyamara, musamman da hunturu. Tsaya a kusurwar gaba yadda za ka ga fuska da gefe ɗaya tare, ka durƙusa har wayar ta zo daidai fitila. Kada ka matsa kusa don ta cika hoton, hancin zai kumbura. Ja da baya ka jawo ta ninki biyu. Sannan ɗaya daga gefe sak, ɗaya daga baya, sai ƙananan abubuwa: inuwar rubutun Turawa, sakatar ƙofa, robar kuloci. Kada ka nemi a kwance igiya ko a goge ƙura don hoto ya yi kyau. Kuma ka riƙa waiwaye, 'yan acaba da masu Napep ba su san kana aikin tarihi ba.

Fasinja, musamman mata, kada su shiga hotonka. Direban kuwa ka tambaye shi ko yana so ya tsaya kusa da ita. Yawanci sai ya gyara hula.

11. Sallama da rubutawa

Ba yaron mota na shayi. Dattijon direba kada ka miƙa masa kuɗi kamar ladan kallo, godiya da addu'a sun fi: Allah ya tsare hanya, Allah ya sa albarka. Nuna masa hotunan a wayar, wanda bai so ba ka goge nan take. Idan yana da WhatsApp ka tura masa. Idan babu, ka wanke ɗaya a situdiyo ka kai masa wani zuwan. Kafin ka sa a Facebook ko wani wuri, rufe lambar motar da duk lambar wayar da ke jikin bodi, kada ka ambaci sunansa, ko ranar da yake tafiya, ko hanyar da yake bi.

Kafin ka kai gida, zauna ka rubuta: rana, unguwa, irin motar, shekarar da ka ƙiyasta da shaidar da ta sa, ƙasar da ta fito, kayan da take ɗauka, da magana ɗaya da mai ita ya faɗa. Idan ka bari sai gobe, motoci biyu za su cakuɗe maka. Ka bar rabin shafi fili, domin za ka sake haɗuwa da ita bayan wata shida kuma wani abu ya sauya. Ta Ƙofar Ƙwaya shafi huɗu ke gare ta a littafina. A na ƙarshe na rubuta cewa an sa mata ƙofar gefe shuɗiya daga wata Ducato, igiyar robar baya kuwa tana nan.